Gudummawar Rubutu da Ɗab'i Wajen Adana Tarihin Ƙasar Katsina: Waiwaye Daga Kaikai

Gabatarwa

Na shafe shekaru masu yawa ina koyarwa a makarantun firamare na yankin Kankiya da Kusada, kuma a tsawon wannan lokaci akwai wata tambaya da yara suka sha yi mini wadda ban taɓa ba su amsa mai gamsarwa ba. Idan na gama ba su labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, ko na kokawar Korau da Sanau, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu namu garin fa, wa ya kafa shi?" Ni kuwa sai in ce masa ya je gida ya tambayi kakansa. A wancan lokaci wannan amsa tana da ɗan amfani, domin kakannin suna raye. Yau yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ke cikin kawunansu ya tafi tare da su.

A cikin wannan ƙasida zan duba yadda rubutun hannu, daga baya kuma ɗab'i, suka adana tarihin ƙasar Katsina, tare da nuna abin da suka riƙe mana da abin da ya suɓuce musu. Na zaɓi in tsaya a Kaikai, garin da na tashi, wanda yake ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kusada, in hangi al'amarin daga can. Dalilina shi ne, mutumin ƙauye yakan ga giɓin da na birni ba ya lura da shi.

Matafiyin da ya bi ta gindin ganuwar Kusada

A ranar Asabar, 1 ga watan Fabrairu na shekarar 1851, wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano. Zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ne, ɗan Ummarun Dallaji. Barth ya bi ta gefen ganuwar garin ta yamma, ya kuma rubuta abin da idonsa ya gane masa. Ya bayyana Kusada a matsayin babban gari wanda bai gaza Gazawa da yawa ba, sai dai jama'arsa ba su kai na can cunkoso ba. Ya nuna cewa ganuwar tana tsaye da ƙarfinta gwargwado, cikin gari cike yake da itatuwa, yawancin ɗakunan kuwa ginin ƙasa ne da jinkar ciyawa. Haka kuma ya ambaci wasu dogayen rimaye a gefen ganuwar, waɗanda ganyensu ya kaɗe saboda rani. Washegari Lahadi ya shiga birnin Kano.

An buga labarin tafiyar tasa cikin juzu'i biyar, da Turanci da Jamusanci, a shekarun 1857 da 1858. Mutanen da suka ga wucewarsa a ranar nan sun daɗe da rasuwa, 'ya'yansu da jikokinsu ma sun bi su. Amma yau, bayan fiye da shekara 170, ɗalibi a Kusada ko Kafarda ko Kaikai yana iya buɗe littafin ya san yadda ƙasarsa take a ranar. Ganuwar da Barth ya gani kuwa tana tuna mana cewa lokacin zaman ɗar-ɗar ne, lokacin da hare-hare daga Maraɗi suka sa garuruwa kula da ganuwarsu. A birnin Katsina ma ya rubuta jerin sunayen unguwanni, ya kuma ƙiyasta cewa mazauna birnin a lokacin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, duk da faɗin ganuwarsa.

Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Da Barth ya ga rimaye a bakin ƙofofin manyan garuruwan Hausa, sai ya yi tsammanin ko an shuka su ne don su zama alamar hanya, ko kuwa ragowar al'adun kafin Musulunci ne. Ganin rimin shaida ce, dalilin shuka shi kuwa zato ne kawai na baƙo mai wucewa. Littafi yakan ɗauki gani da zato ya jera su a shafi ɗaya da tawada iri ɗaya, aikin mai karatu ne ya tantance su. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, ya yi ƙasida ta musamman a kan zaman Barth a Katsina, inda ya nuna cewa dole a auna abin da matafiyin ya rubuta da irin mutanen da ya zauna da su da kuma irin tunanin da ya zo da shi daga ƙasarsu.

Kafin zuwan maɗaba'a

Kuskure ne a ɗauka cewa da zuwan Turawa aka fara rubutu a ƙasar nan. Katsina ta shahara da malamai da littattafai ƙarnoni kafin a ga Bature. Takarda takan ƙetaro hamada daga Tarabulus, akasarinta ƙirar Italiya, mai ɗauke da tambarin jinjirin wata uku wanda ake gani idan an ɗaga ta sama a hasken rana. Malamai sukan haɗa tawadarsu, su fere alƙalamin gamba, su kwafi littafi shafi bayan shafi. Idan an gama sai a sa shi tsakanin tadarishi, a zura a gafaka, a rataye. Littafi guda yakan ci wa mai kwafi watanni, saboda haka kwafinsa ba ya yawa, kuma gobara ɗaya ko damina ɗaya tana iya gamawa da shi.

Misalai uku za su nuna mana ƙarfin wannan hanya da rauninta. Na farko shi ne na malamin nan Muhammadu ɗan Ahmadu Attazakti, wanda mutanen Katsina ke kira Ɗantakum. Ya yi alƙalanci a Katsina, ya rasu wajen shekarar 1529. Kabarinsa yana nan, sunansa yana bakin mutane, amma bayanin karatunsa da tafiyarsa gabas da shekarar rasuwarsa mun same su ne daga littafin tarihin malamai da Ahmadu Baba na Tambutu ya rubuta.

Na biyu shi ne Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya bar Katsina ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. Wajen shekarar 1732 ya rubuta littafi a kan ilimin hatimi da lissafin da ke cikinsa. Ya rasu a 1741 a gidan wani malami mai suna Hasan Aljabarti, wanda ya bar wa amanar littattafansa. Ɗan wannan malami, Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Misira, ya kuma sa labarin Alkashinawi a cikin littafinsa. Wato wani Bamisire ne ya riƙe mana labarin ɗanmu, har ya dawo gida ta hanyar ɗab'i.

Na uku kuwa labarin asara ne. Wali Ɗanmasani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, ya rubuta littattafai da dama. Daga cikinsu akwai wanda ya yi a kan labarin ƙasar Yarbawa, mai suna Azharur Ruba. Sunan littafin ya iso gare mu ta hannun malaman da suka zo bayansa, irin su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, amma littafin kansa ya ɓata. Da an same shi, da ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai a kan hulɗar Hausawa da Yarbawa. Shi kuwa Infaƙul Maisuri ya tsira ne domin an yi ta kwafarsa a wurare daban-daban, har aka kai ga buga shi da Larabci a Landan a 1951. Bambancin littattafan biyu shi ne yawan kwafi.

Girgam da matsalar shekaru

Kano ta yi sa'ar samun littafin tarihin sarakunanta mai tsawo, wanda ya taso daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. Katsina kuwa abin da ta fi dogara a kai shi ne girgam, wato jerin sunayen sarakuna da yawan shekarun da kowane ya yi, tare da ɗan taƙaitaccen bayani nan da can. Kwafe-kwafen girgam ɗin ba su yi daidai da juna ba a wasu wurare, kamar yadda aka saba gani ga duk abin da hannaye da yawa suka kwafa.

H. R. Palmer, wanda ya yi aikin mulki a Katsina a farkon zuwan Turawa, kuma yana da hannu wajen naɗin Sarki Muhammadu Dikko a 1906, ya tattara irin waɗannan takardu. Ya buga fassarar tarihin Kano a 1908, ya buga nasa bayanin a kan tarihin Katsina a 1927, sannan ya fitar da tarin fassarorinsa a Ikko a 1928. Wannan aiki ya tserar da takardu da yawa daga halaka. Amma kuma ya shigar da nasa hasashen a ciki, musamman wajen danganta asalin mutanen ƙasar nan da wasu al'ummu na gabas, da wajen sa wa sarakuna shekarun Miladiyya.

Malaman makaranta sun san ruɗanin da ake samu game da zamanin Muhammadu Korau. Wani littafi zai ce ya hau sarauta a 1348, wani ya ce wajen 1445, bambancin kusan shekara 100 ke nan. Abin da ya taimaka wa masana wajen warware wannan ƙulli takarda ce. Shaihun malamin nan na Misira, Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashen nan, a ciki ya ambaci Ibrahim Sarkin Katsina. A cikin girgam, Ibrahim Sura shi ne ya gaji Korau. Idan magajin Korau ya yi zamani da Suyuɗi, to zai yi wuya a ce Korau ya yi sarauta a tsakiyar ƙarni na 14. Wannan ne ya sa masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka karkata ga ƙarni na 15. Darasin da ke nan shi ne, rubutu ne ke gyara rubutu, idan an samu shaida ta biyu daga wata nahiya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren labarin Katsina da ke ƙetaren iyaka. Bayan jihadi ya ci birnin wajen 1807, zuriyar sarakunan Haɓe sun koma arewa, suka kafa Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, suka ci gaba da riƙe sunan Sarkin Katsina. Lokacin da tawagar Faransawa ta Tilho ta zo shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, tafintansu mai suna Landeroin ya zauna da dattawan can ya rubuta labarinsu, aka buga a Faransa a 1911. Saboda haka mai son cikakken tarihin Katsina sai ya haɗa abin da aka rubuta da Larabci da Hausa da Turanci da Faransanci.

Zuwan ɗab'i da Hausa

Duk waɗannan littattafai da na ambata an buga su ne cikin harsunan da talakan ƙasar nan ba ya ji. Sauyi ya fara ne da kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Zariya, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East. A 1932 da 1933 ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu cikin littafi biyu, inda aka juyo tsofaffin takardun Larabci zuwa Hausar boko. Da wannan ne ɗan makarantar elemantare ya fara karanta tarihin ƙasarsa cikin harshensa.

Katsina tana da babban rabo a wannan aiki. Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda aka buɗe a 1921, ita ce ta yaye da yawa daga cikin marubutan farko. A gasar rubutu ta 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki, wanda ko da yake ƙagaggen labari ne, ya ƙunshi yadda mutanen wancan zamani suka ji zuwan Turawa a jikinsu. Shi dai Bello Kagara ne ya rubuta tarihin rayuwar Sarki Muhammadu Dikko bayan rasuwar sarkin a 1944. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam na editanta, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu. Lardin Katsina yana da Himma, Kano tana da Sodangi, Sakkwato kuma Zaruma. A zamanin ne aka buga Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Waɗanda suka rubuta wasiƙu da ƙananan labarai a jaridun nan ba su ɗauka tarihi suke rubutawa ba. Amma yau duk mai neman sanin farashin gyaɗa, ko ranar da aka buɗe wata makaranta, ko kukan da talakawa suka yi a kan haraji, can yake komawa.

Abin da ɗab'i ya tsallake

Idan mai karatu ya sake duba jerin da na kawo, zai ga cewa kusan duka a kan birane da sarakuna da manyan malamai da yaƙe-yaƙe yake. Ba laifin maɗaba'a ba ne, domin abin da aka kai mata shi take bugawa. Ƙauyuka irin namu sukan fito ne a matsayin suna a cikin jeri, ko zango a kan hanyar matafiyi. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomi don ƙiyasta haraji, kuma sukan sa ɗan tarihin garuruwa a ciki. Suna da amfani ƙwarai, amma mu tuna cewa mai tambayar haraji yake nema, tafinta ne a tsakani, mai ba da amsar kuwa yakan faɗi abin da zai kare kujerarsa.

Duk da haka, inda aka waiwayi talaka an samu abin mamaki. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga ƙasar Damagaram, wanda ya bi Barth har Turai, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Daga bakinta aka san yadda mata suka ga harin bayi da aure da ƙawance da zaman gandu, abubuwan da girgam bai taɓa ambata ba. A nan kusa da mu, Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta yi nazarin noma da tattalin gidajen garin, littafinta ya fito a 1972. Shi ma Yusufu Bala Usman, a binciken da ya zama littafinsa na 1981 a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya zaga garuruwa da ƙauyuka har Maraɗi yana sauraron dattawa. Da ya jinkirta shekara 20, da bai tarar da yawancinsu ba.

Akwai wata illa kuma da ba a cika magana a kanta ba. Idan aka buga labari ɗaya aka raba wa makarantu, yakan danne sauran ruwayoyi. Na taɓa zuwa wurin wani dattijo a wani ƙauye kusa da mu don in ji asalin mutanensu. Ya gyara zama ya fara ba ni labari, ban daɗe ina sauraro ba na gane cewa abin da ke cikin littafin da nake koyarwa da shi ne yake maimaita mini, kusan kalma da kalma. Da na bincika sai na ji jikansa ne ya riƙa karanta masa. Na ce, "Baba, wanda ka ji daga bakin mahaifinka nake so." Sai ya yi shiru, can ya ce, "Ai Malam, na ɗauka na littafi shi ne daidai." Da ƙyar na lallashe shi ya ba ni nasu, kuma ya sha bamban da na littafin.

Gafakar ƙanen kakana

Ba zan ɗora wa kowa laifin da ni ma na aikata ba. A gidanmu akwai ƙanen kakana, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma ya ga yunwar 1914 yana yaro. Idan ya zauna bayan sallar isha'i yakan jero masu garin da suka gabata ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda ya haƙa kowace tsohuwar rijiya, da inda kowace zuriya ta taso kafin ta sauka a garin. Da shekarun yunwa yake lissafi. Sai ka ji ya ce an haifi wane shekara biyu bayan 'Yar Buhu, ko an yi auren wance ana cikin 'Yar Gusau. Sai daga baya na gane daga littattafai cewa 'Yar Buhu ita ce yunwar 1927, 'Yar Gusau kuwa ta 1942. Ashe kalanda ce cikakkiya a kansa, abin da ya rage kawai a sa mata lambobi.

Sau da yawa yakan ce mini, "Kai ɗan boko, ɗauko takarda ka rubuta, ba kullum nake nan ba." Ni kuwa sai in ce, "To Baba, bari a yi dogon hutu." Hutu ya zo ya wuce ba sau ɗaya ba, kullum da uzurin gona ko na kwas. Wata damina ina wurin aiki aka aiko mini cewa ya cika. Abin da na iya tunawa daga jerin nasa bai kai rabi ba, kuma ba ni da tabbacin wa ya riga wa.

Ya bar gafaka uku cike da takardu. Da aka zo rabon gado sai aka raba su kamar yadda aka raba sauran kaya, har littafi ɗaya ya rabu gida biyu, tunda takardun hannu ba a ɗinke suke ba. Kason da ya zauna a gidanmu aka sa a wani ɗakin soro aka rufe. Bayan wasu shekaru da na buɗe, sai na tarar rufin ya yi yoyo, gara ta gama da na ƙasa. 'Yan shafukan da na tsamo suna wurina har yanzu. A ƙarshen ɗaya daga cikinsu mai kwafin ya rubuta sunansa da na malaminsa, a gefen wani kuma an rubuta haihuwar wani yaro da ranar da aka yi ta. Irin waɗannan 'yan rubuce-rubuce na gefe su ne asalin tarihin ƙauye. Duniya ta yi jimami a watan Janairu na 2013 lokacin da aka ƙona dubban takardu a cibiyar Ahmadu Baba da ke Tambutu. Namu kuwa gara da yoyo ne ke cin su a hankali, ba wanda ya ji labari.

Abin da ya rage gare mu

Wajen shekarar 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai bayan fiye da shekara goma aka dawo da shi. Dawowar tasa dama ce gare mu, amma littafin da za a aiko daga sama ba zai ƙunshi tarihin Kaikai ko Yashe ko Mawashi ba. Wannan sai mu da kanmu. Ga shawarwarin da nake bai wa 'yan'uwana malamai da iyayenmu dattawa.

Da farko, kowace makaranta ta tanadi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, a keɓe shi don tarihin garin. Duk wanda aka yi hira da shi a rubuta sunansa da kimanin shekarunsa da ranar hirar, da kuma wurin wanda shi ya ji labarin, kamar yadda malamanmu ke kula da isnadi. A rubuta da kalmominsa, kada a gyara masa Hausa.

Na biyu, idan ruwayoyi suka saɓa, a rubuta kowace da sunan mai ita. Kada malami ya zama alƙali ya zaɓi ɗaya ya jefar da saura, musamman a kan abin da ya shafi sarauta ko iyakar gona, inda gaskiya takan rabu a hannun mutane da yawa.

Na uku, kada a tsaya a ƙofar gidan mai gari kaɗai. A je wurin maƙera da masaƙa da marina da mahauta da Fulanin da ke kewaye. A nemi malamai mata su zauna da tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe dangantakar aure da sunayen zuriya.

Na huɗu, a yi amfani da manyan abubuwan da aka san shekarunsu don ɗaure lissafi: rasuwar Sarki Dikko a 1944, canjin kuɗi zuwa naira da farin da aka yi a 1973, fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, rasuwar Sarki Usman Nagogo a 1981, ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, da husufin rana na 29 ga Maris 2006 wanda ya duhunta ƙasar Katsina da rana tsaka. Idan tsoho ya ce abu ya faru kafin wannan ko bayan wancan, an samu madogara.

Na biyar, game da tsofaffin takardu, kada a raba mai su da su. A roƙi izni a ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, a taimaka masa ya sa su a akwatin ƙarfe a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango. Kada a liƙa musu salatif. Magada kuma su daure su bar littafi a haɗe a hannun mutum ɗaya maimakon a yayyaga shi.

Na ƙarshe, abin da aka ɗauka a waya kada a bar shi a waya. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata, katinta yakan lalace. A buga a takarda, ko da shafi 20 ne, a yi kwafi da dama: ɗaya a makaranta, ɗaya a gidan mai gari, ɗaya a wurin hakimi, ɗaya a ɗakin karatu na jiha. Mun riga mun ga abin da yawan kwafi ya yi wa littafin Muhammadu Bello, da abin da ƙarancinsa ya yi wa na Ɗanmasani.

Kammalawa

A cikin wannan ƙasida mun ga yadda takarda ta riƙe mana kamannin Kusada na 1851, da labarin malaman Katsina da suka rasu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, da yadda wasiƙa ɗaya daga Misira ta taimaka wajen gyara lissafin sarautar Korau. Mun kuma ga cewa ɗab'i yana adana kuskure kamar yadda yake adana gaskiya, kuma abin da ba a kai masa ba ba ya zuwa nema. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya, to amma sai da abin da za a waiwaya a gani. A kowane gari na yankin Kankiya da Kusada akwai sauran dattawa 'yan ƙalilan da suka ji daga bakin waɗanda suka ga zuwan Turawa. Ina roƙon malamin da ya karanta wannan ya ɗauki littafi da biro ya je wurin ɗaya daga cikinsu a wannan makon, kada ya jira dogon hutu kamar yadda na yi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.